Faifai Huɗu, Magada Uku

Akwai wani kiɗan Turawa da nake saurare tun ina amarya, ga shi yau jikokina ke riƙe mini hannu in zan tsallake kwata. Busa ce, ta wani abu baƙi dogo mai maɓallai farare, wanda daga baya wani ɗan sanda mai busa a badujala ya gaya wa ɗana sunansa kilarinet. Mai busar shi kaɗai ne a gaba, bayansa taron masu goge suna yi masa amshi. Ya faɗa su karɓa, wani lokaci su riga shi ya biyo su. Babu waƙa a ciki, ba a yabon kowa, ba a yi wa kowa zambo. Mutanen Illela sun daɗe da yanke hukuncin cewa son abin nan taɓin hankali ne na gado, ni kuwa ban taɓa musa musu ba, don gadonsa na yi.

Mahaifina falke ne. Yana kai fata da goro Ƙonni, ya dawo da gishiri da dabino. A lokacin Ingilishi sun zauna a gefenmu, Faransa a wancan gefen, amma tsakaninmu da Ƙonni tafiyar hantsi ce a kan jaki, kuma rabin danginmu can suke. Wani Bafaranshe na duwan, wato kwastan nasu, da zai koma ƙasarsu ya ƙyalla ido a kan jajayen fatun awakin Baba. Suka yi musaya. Baba ya dawo gida da garmaho, akwatin katako mai hannun murɗawa a gefe, da fayafayai huɗu cikin wani bango mai kama da littafi. Kiɗa ɗaya ne aka yanka shi gida-gida, don faifan wancan zamani ba ya ɗaukar abu mai tsawo. Baba bai iya karatun Nasara ba, sai ya sa Bafaranshen ya jera masa su, shi kuma ya ja musu zane da tawada yadda yake yi wa ɗaurin fatunsa, na fari zane ɗaya, na biyu zane biyu, har na huɗu.

Ranar da aka fara kunna shi zauren Baba ya cika har waje. An zaci za a ji Bature yana waƙa a yi dariya. Da aka ga busa ce kawai, ba ta ƙarewa, sai aka fara zamewa da ɗai-ɗai, wannan ya tuna bai ba jakinsa ruwa ba, wancan ya ce la'asar ta gabato. Kafin wata ya zagayo babu mai zama sai mai akwatin. Sai kuma ni.

Innarmu ta riga ta rasu. Gidan aurena bango ɗaya ne da na Baba, ni nake duba masa abinci. Duk ranar da ya dawo daga tafiya, in ya yi la'asar, sai ya jawo akwatin ya goge shi da bakin rawani. Ni kuma in ɗauko abawata da mazari in raɓe a ƙofar zaure ta ciki, wai kaɗi nake yi. Wata rana ya waiwayo ya ga mazarin a tsaye, zare ya tsinke ban sani ba.

Ya ce, "Ke, mi kika ji cikin abin ga?"

Na ce, "Na ji mutum na ba da labari, Baba, amma ban san mi yac ce ba."

Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Shigo ki zamna."

Tun daga ranar ni ce mai juya faifai. Mu uku ne a wurin Baba: Yayana namiji, wanda kasuwa ta cinye, ba ya zama sai dai ya ji abin yana wucewa, sai ni, sai ƙanwata da aka kai Gidan Katta, gidan manoma.

Baba ya rasu da damina, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Bayan sadakar arba'in alƙali ya aiko malaminsa ya raba mana gado, wani tsoho mai kirki wanda har yau nake yi wa addu'a, ko da yake a ranar na so in shaƙe shi. Aka fito da kaya tsakar gida, aka kasa, aka jefa ƙuri'a. Akwatin ya faɗo a kasona. Yaya ya dube ni a gaban dattawa ya ce in ba shi akwatin in ɗauki karsana a madadinsa.

Ya ce, "Abin zaure na. Mace mi za ta yi da shi?"

Na ce, "Abin da nika yi da shi tun Baba na da rai, kai kana kasuwa."

Wani daga cikin dattawan ya yi dariya. Dariyar nan ita ta ɓata komai. Yaya ya sha toka. Har yau ban ga laifina ba, gaskiya na faɗa, sai dai na san da a ɗaki na faɗa masa da ba ta yi zafi haka ba.

Sai aka zo kan fayafayan. Masu fito da kaya sun zare su daga bangonsu sun tula su kan tabarma. Malam ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya juya, ya auna a tafin hannu, fuskarsa ta washe.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, waɗanga ba huɗu na ba. Abu guda na."

Ya ce, "Ɗiyata, ni huɗu nika gani."

Na ce, "Awa riga shike, Malam. Ana ba wani hannu a ba wani wuya?"

Ya ce, "Riga ɗunke take. Waɗanga ko kowane zaman kainai shikai. Girmansu guda, launinsu guda. Namiji biyu, mata guda guda. Ban taɓa ganin gadon da yar rabu da sauƙi hakanga ba."

Na dubi Yaya. Ya san gaskiyata, ya sha ganin Baba yana jera su bi da bi. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa Malam ya haɗa su kaso guda. Ya kau da kai yana kallon turken awaki. Malam ya miƙa masa biyu, ya miƙa mini ɗaya, ya miƙa wa ƙanwata ɗaya, aka shafa fatiha. Da na duba zanen tawada sai na ga na biyu ne a hannuna, na uku a hannun ƙanwata, na fari da na ƙarshe suna wurin Yaya. Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce, ƙasa-ƙasa, "Riƙe akwatinki. Mu gani ko shina magana shi kaɗai." Bai cika wata ba ya kwashe iyalinsa ya koma Ƙonni, wai can cinikin Baba ya fi ƙarfi.

Haka na zauna da kiɗa marar kai marar ƙafa. Fuska ɗaya ta faifaina wutsiyar kashi na farko ce, mai sauri, kamar ka shigo taro ana cikin sallama. Ɗaya fuskar kuwa ita ce farkon wurin da nake so fiye da ko'ina, inda komai ke lafawa. Mai busar yakan taso a hankali, ya hau kaɗan, ya sauko, kamar mai lallashin yaro. 'Yan amshi su maimaita abin da ya faɗa, ya sake tasowa ya ɗara na dā. Can sai ya gangara ƙasa, murya ta yi kauri kamar ta namiji, ya kuma haura ta koma ta budurwa, har ka rantse mutum biyu ne ke busa abu ɗaya. To ana cikin haka, ya ja numfashi zai faɗi abin da duk ya tara, sai allura ta kai ƙarshe ta shiga ƙarar banza. Sauran maganar tana Gidan Katta. Duk ranar da na kai wurin nan sai raina ya ɓaci, kuma ban taɓa fasa kunnawa ba.

Daga baya, bayan Turawa sun tafi, na ji kiɗan nan a bakin mabusa da yawa. Ɗana ya kawo mini babban faifai daga Kaduna wanda ya ɗauke shi duka, fuska biyu kawai. Jikana ya kawo kaset, ya kuma kawo wani. Na san su kamar yadda na san maƙwabtana. Akwai mai gaggawa kamar an ce masa kasuwa za ta tashi. Akwai wani mai jan rai, wanda ake jin shan iskarsa tsakanin magana da magana, shi nake kunnawa in jikina ba daɗi. Akwai wanda busarsa ta fi ta sauran gangarawa ƙasa, na ce wa jikana wannan kam bututunsa ya fi tsawo, ya yi mini dariya, daga baya ya dawo ya ce wai haka ne. Duk ina son su. Amma a wancan lokaci ban san akwai wani mabushi a duniya ban da na cikin faifan Baba ba, ban kuma san akwai wasu fayafayan ban da huɗun nan ba. A wurina in ɗaya ya fashe, shi ke nan maganar ta mutu.

Na fara da ƙanwata, don ita ce mai sauƙi, a zatona. Da ta haihu na je mata suna. Ina shiga ɗakinta na hango faifan a bango, ta rataye shi da zare ta hujin tsakiya, a tsakiyar jeren tasoshinta, ta shafe shi da man shanu yana ƙyalli. Na kusa faɗuwa. Na sauko da shi na wanke da ruwan sanyi ina faɗa, tana dariya da jariri a cinya. Na ce ta ba ni shi in ba ta zanen saƙi sabo. Ta ƙeƙasa ƙasa.

Ta ce, "Yaya, awakin da nis samu sun mutu, tuhwahin sun tsuhwa. Wanga kaɗai ar rage min na Baba. Ba ni bayaswa."

Na buɗe baki zan yi mata ta manya, sai na ga idonta ya kawo ruwa, na rufe. Ita da kanta ta kawo shawara. Ta ce duk ranar da za ta zo Illela za ta zo da shi, mu ji, ta koma da abinta. Haka kuwa aka yi. Takan nannaɗe shi da auduga a cikin ƙwarya, ta ɗora a ka, goyo a baya, ta taso da sassafe don kada rana ta lanƙwasa shi. Yarinyar da dā sai Salla-Salla nake ganinta, sai ga ta kusan duk ranar kasuwa. Ita kiɗan bai dame ta ba, gyangyaɗi take yi. Ni kuwa ranar da na fara jin mai busar ya ƙarasa maganarsa, ya dawo kan lallashin nan na farko da murya ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, na yi kuka har sai da ta farka.

Saura na Ƙonni. Kafin in san ta inda zan ɓullo masa sai yaƙin Turawa ya taso, Ingilishi da Faransawan wancan gefe suka daina ga-maciji, aka tsananta iyaka. Masu wucewa sai ta daji. Labarin Yaya sai jefi-jefi, wai yana lafiya, wai an yi masa haihuwa. Ni ban aika ba, shi bai aiko ba. Tsorona kullum shi ne kada talauci ko haushina ya sa ya sayar da su ga wani Bafaranshe, ko yaransa su mai da su abin gare.

Yaƙin ya kuma hana allura zuwa kanti. Allurar garmaho ƙaramin ƙarfe ce, ba ta daɗewa take dakushewa, in ka matsa mata ta ci faifai. Da gwangwanin alluran Baba ya ƙare na rufe akwatin na zauna kamar mai takaba. Maigidana dillalin fata ne, mutum mai tsokana, shi ya raɗa wa kiɗan suna kukan kurciyarki, alhali na sha kama shi yana rera shi da fito in yana shanya fata. Shi ya shigo wata rana da reshen aduwa a hannu. Ya zaɓi ƙayoyin da suka bushe, ya fere su da askarsa, ya goga bakinsu a kan dutsen wasa wuƙa, ya ɗaura ɗaya a mazaunin allura. Muryar ta fito siririya, kamar daga gidan maƙwabta, amma ta fito, har ta fi ta ƙarfe taushi. Ƙaya ɗaya fuska ɗaya take yi ta mutu. Sai ya zama in ya zauna hira hannunsa na feran ƙaya, yana tara mini a cikin wani ɗan tandu.

Da abubuwa suka lafa aka saki hanya, maigidana ya koma shiga Ƙonni sayen fata. Wata rana ya dawo yana wani murmushi da ban yarda da shi ba. Ya ce ya haɗu da Yaya a kasuwa, sun gaisa.

Na ce, "Ya tambaye ni?"

Ya ce, "A'a. Ya dai ce, akwatin nan shina aiki?"

Na ce, "Kai mi kac ce?"

Ya ce, "Na ce shina aiki, rabi da rabi."

Kwana na yi ina juya maganar. Mutumin da ya sayar da fayafayai ba ya tambayar akwati. Suna nan ke nan, shekara da shekaru a ajiye, ba shi da abin jin su, kamar yadda ni ba ni da su. Amma na san Yayana, mun sha nono ɗaya. Ba zai roƙa ba, ni ma ba zan roƙa ba. Da maigidana zai koma na ƙulle ƙayoyi 'yan kaɗan a tsumma na ba shi. Ya ce wane saƙo zai faɗa. Na ce babu saƙo, ya ba shi kawai, in ya tambaya ya gaya masa aikinsu. Ya dawo ya ce Yaya ya kwance ƙullin ya daɗe yana kallo, ya sa a aljihu, ya ce sai an yanke gero.

An yanke gero, an ɗaure, an kai rumbu. Na aika wa ƙanwata ta zo da ƙwaryarta. Ranar kasuwa da hantsi muka ji sallama. Na leƙa na ga wani mutum mai furfura a gemu yana sauke kwando daga kan jaki, da hannu biyu, a hankali. Sai da ya yi magana na tabbata shi ne. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, damina, muka sake komawa kan gida da iyali, don kowa na tsoron abin da zai biyo bayan gaisuwar. Babu wanda ya ambaci ranar rabon gado, a ranar ko bayanta.

Kwandon cike yake da dusa. Ya tura hannu ciki kamar mai neman ƙwai, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a naɗe cikin tsohon rawanin Baba. Ko ƙwarzane babu. Zanen tawadar ya koɗe amma ana ganinsa.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakina. Maigidana ya zauna gefe da tandunsa. Ni na murɗa hannun, Yaya ya ɗora na farko. Ashe na manta yadda abin ke farawa. A zuciyata mai busar ne ke buɗe magana, sai na ji 'yan amshi ne suka daɗe suna share masa hanya, har na fara tsoron ko ba shi a ciki, sannan ya shigo, cikin fara'a, kamar baƙon da aka daɗe ana jira. Muka bi shi. Nawa ya hau, aka juya, aka kai wurin lallashin. Da allura ta kai ƙarshe ƙanwata ta riga ta miƙo nata, ko gyangyaɗi ba ta yi ba a ranar. Yaya ya ja bakin rawani ya rufe fuska.

Can ya ce, "Nan Baba ka rufe ido. Ina ganinai in na wuce."

Ban san yana kallo ba. Duk shekarun nan na ɗauka ni kaɗai na san wannan.

Sai na ƙarshe. Mai busar ya ware, yana tsalle yana zillo kamar 'yan mata a dandali, 'yan amshi na bin sa, ya ɓuya ya ɓullo, har suka haɗu gaba ɗaya suka dire. Ƙayar ta shiga ƙararta. Babu wanda ya tashi ya ɗage ta sai maigidana. Daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba ko ranar da na haifi ɗana na fari, Allah ya yafe mini.

Ina cikin share ido sai na ga Yaya ya jawo kwandonsa. Ya naɗe na farko, ya tura cikin dusa. Ya ɗauki na huɗu.

Na ce, "Yaya, mi kaka yi?"

Ya ce, "Nawa na. Malam ya ba ni."

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ba ka da abin jin su. Ajiya kawai kaka yi, awa kaza bisa ƙwan da ba nata ba."

Ya ce, "Ke kina da shi." Ya ci gaba da naɗi, bai ɗago ba. Ya daidaita dusar, ya rufe kwandon, ya ɗaure da igiya. Sai da ya ɗora a kan jaki ya juyo. Ya ce, "Baɗi in an yanke gero ki sa a yi tuwo da yawa. Da ɗiya za ni zo, ba su san ki ba."

Na tsaya a ƙofar gida ina huci, ina kallon ƙeyarsa. Sai da ya sha kwanar masallaci abin ya faɗo mini. In ya bar mini su, ba shi da sauran dalilin da girman kansa zai yarda ya hau jaki ya zo gidana. Ni ma in suna hannuna, wa ya sani ko zan sake aika ƙaya Ƙonni. Na koma ciki na tarar ƙanwata tana cusa nata a cikin auduga, sai na taya ta ɗaure ƙwaryar.

Baɗi ya zo, da 'ya'yansa da kwandonsa, ya kuma koma da shi.